Agogon Jariri Yana Cikinsa: Mas'alar Shayarwa a Malisa da Ƙasar Gwandu

Idan bazara ta kankama a ƙasar Gwandu, wato daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a ma'auni, ƙasa ta gagari tafin ƙafa tun kafin azahar, ruwan randa da kansa ya koma kamar an sauke shi daga murhu, babu mas'alar da ke tayar da jayayya a ɗakin mai jego kamar ta abin da za a sa wa jariri a baki, da kuma sau nawa za a sa masa. Duk wanda ya tashi a Malisa, ko Dalijan, ko Kambaza, ko wani daga garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, ya san yadda wannan jayayya take tafiya, domin tun muna yara, ba a fara hana mu shiga gidaje ba, muke jin ta. Jariri ya motsa ya yi ɗan kuka, sai tsohuwar gida ta ɗaga murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, ba shi ruwa, shi ma rai garai." Mai jego kuwa, wadda ta je awo har aka yi mata bayani, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, Malama tac ce kar a ba shi komi sai nono." Daga nan tsohuwa ta kawo hujjar da ba a cika iya ture ta ba, cewa ko baƙo ya sauka gidan mutum ruwa ake fara miƙa masa, balle baƙon da ya zo duniya jiya.

Ba na ganin laifin tsohuwar nan, domin tausayi ne ya sa ta magana, kuma da hannunta ta raini 'ya'ya da jikoki. Amma tausayi daban, sani daban, kuma abin da nake nufin bayyanawa a wannan rahoto shi ne cewa iyayenmu mata sun riga likitoci gane amsar tambayar sau nawa, sa'an nan waɗansu al'adu da waɗansu larurori suka zo suna zaftare wannan adadi a ɓoye, ba tare da an lura ba.

Bari mu fara da adadin kansa, tun da shi aka tambaya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka tsaya a kai shi ne a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko da haihuwarsa, a ba shi nonon uwa zalla har wata 6 ba tare da ko ɗigon ruwa ba, sa'an nan a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Game da yawan shayarwa kuwa ba su yanka wa'adi ba, sai suka ce a ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. Da aka ƙidaya abin da sabon jariri mai lafiya yake nema da kansa idan ba a hana shi ba, sai aka tarar galibi yakan kama daga sau 8 zuwa sau 12 cikin yini da kwana, wato kamar kowace sa'a biyu ko uku, ana lissafi daga farkon wannan tsotso zuwa farkon na gaba. Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan lissafi tamkar lokutan salla, waɗanda aka ƙayyade wa kowanne farko da ƙarshe. Jariri yakan jera tsotso uku ko huɗu tsakanin la'asar sakaliya da lisha har uwa ta zaci nononta ne ya ƙafe, sa'an nan ya yi barci mai ɗan tsawo, kuma duk wannan yana cikin ƙa'ida. Takwas ɗin nan ita ce mafi ƙaranci, ba iyaka ba ce.

Hikimar da ke cikin wannan yawa tana ɓoye ne a halittar jaririn da ta uwar, kuma wanda ya yi tunani a kanta zai ga yadda aka auna kowane abu da ɗan'uwansa. Cikin jariri ran da aka haife shi bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba a zama guda. Ran kwana uku ya kai kamar girman goro. Sai ya kusa wata kafin ya kai girman ƙwan kaza. Nonon uwa kuma abinci ne mai saurin narkewa, ba ya wuce sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ya bar ciki. To, wanda tukunyarsa ƙarama ce, abin da ke cikinta kuma ba ya daɗewa, alhali jikinsa yana aikin da zai ninka nauyinsa cikin wata biyar ko shida, ina dabara gare shi in ba ya dinga komawa akai-akai ba?

Ta wajen uwa kuma al'amarin ya fi ban mamaki. Mutane da yawa suna ɗaukar nono kamar tulu, wanda in an yawaita ɗiba zai ƙare, saboda haka ya kamata a jira ya taru. Haƙiƙa kuwa nono ya fi kama da rijiyar fadama, irin wadda masu noman rani na albasa suka sani sarai: in ka yashe ta ka kwarfe, sai idonta ya buɗe ta kawo sabo, in ka ƙyale ta, sai ta tsaya inda take, a kwana a tashi ta cushe. Duk sa'ad da jariri ya kama kan nono yana tsotso, saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwar uwa, ta saki sinadarai biyu cikin jini: ɗaya, wanda likitoci ke kira furolaktin, shi ke umartar nono ya haɗa na gaba; ɗayan, oksitosin, shi ke matso wanda ya riga ya haɗu, kuma shi ne ke tsuke mahaifa bayan haihuwa ya rage zubar jini, abin da ya sa mai jego kan ji mararta tana murɗawa idan tana shayarwa a kwanakin farko. Furolaktin ya fi yawa da dare, don haka tsotson dare, wanda ya fi kowanne wahala ga uwa, shi ne ya fi kowanne riƙe mata nono. Idan kuwa aka bar nono ya cika ya daɗe a cike, jiki yakan fahimci ba a bukatarsa, sai ya rage. Ashe ke nan matar da ke jinkirta shayarwa don nono ya taru, da hannunta take ƙafar da shi.

Wannan ilimi bai zo wa Turawa da sauƙi ba, kuma yana da kyau a faɗi haka, domin akwai masu zaton duk abin da ya zo da agogo da takarda shi ne wayewa. A farkon ƙarni na 20 wani likita a ƙasar Niyu Zilan, Truby King, wanda ya kafa ƙungiyar Plunket a 1907, ya yaɗa koyarwar cewa a shayar da jariri kowace sa'a huɗu daidai, kada a ba shi da dare, ko da zai yi kuka har ya shiɗe, wai don ya koyi ladabi tun yana tsumma. Koyarwar ta haye zuwa Ingila da ƙasashen da take mulka, aka riƙa raba jarirai da iyayensu a asibiti ana kawo su bisa ƙararrawa, mata da yawa nononsu ya ƙafe ba su san dalili ba, kamfanonin madarar gwangwani kuwa suka sami kasuwa. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana a shekarun 1930, ta tsaya a Singafo a 1939 ta yi lacca mai zafi a kan jariran da madarar gwangwani ke kashewa. Sai a 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa, wadda hukumar NAFDAC ke lura da ita a Nijeriya. A 1990 aka yi sanarwar Innocenti ta kare shayarwa a birnin Fulorans na Italiya. A 1991 aka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, wanda daga cikin sharuɗɗansa har da barin jariri ya kwana wurin uwarsa a ba shi duk lokacin da ya nema. Wato bayan shekara tamanin ana kewaye, aka komo kan abin da macen Malisa take yi tun kaka da kakanni: ɗa a baya cikin zanen goyo an ɗaure da majanyi, da ya motsa ta ji, ta juyo shi gaba ta ba shi, da dare kuma yana gefenta bisa shimfiɗa guda.

To, in haka ne, ina matsalar take? Alƙaluma dai ba su yi mana daɗi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ake ba su nono zalla a Nijeriya, ko da yake an ci gaba daga 17 da aka samu a 2013. Binciken nan ya sa Jihar Kebbi a gaban kowace jiha wajen tsumburewar yara, da kashi 66 cikin 100, da kuma mutuwar yara kafin su cika shekara biyar, 252 cikin kowane 1,000. Ba adalci ba ne a ɗora wannan duka a kan shayarwa, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin rigakafi da ruwa maras tsabta da talauci duk suna da kasonsu. Amma shayarwa ita ce ƙofar da gyaranta ba ya bukatar kwabo. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da za a shayar da jarirai yadda ya kamata a duniya, da an tsirar da yara kimanin 823,000 kowace shekara. Matanmu ba ƙin shayarwa suke yi ba, kusan kowace tana yi, kuma tana daɗewa tana yi. Abin da ke faruwa shi ne akwai ɓarayi da ke shiga tsakanin ɗa da nono.

Babbansu shi ne ruwa, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin shi ne ya fi shiga zuciyar mutane. Nonon uwa kansa kashi 87 ko 88 cikin 100 ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshe kuwa ya fi kauri da maiƙo, shi ke ƙosarwa. Likitoci sun gwada wannan a ƙasashe masu zafi. A Indiya, cikin tsananin bazarar birnin Delhi, an auna fitsarin jariran da ba a ba su komai sai nono, aka buga sakamakon a 1991, aka tarar jikinsu bai rasa ruwa ba. Jariri a bazara yana jin ƙishirwa, wannan gaskiyar tsohuwa ce, amma maganinta shi ne a ƙara masa yawan tsotso, gajere-gajere, uwar kuma ita ta sha ruwan. Idan aka ɗura masa ruwa da tafin hannu ko da cokali, illa uku ake yi masa a lokaci guda. An cika ɗan cikin nan nasa da abin da ba shi da abinci ko kaɗan, saboda haka zai tsallake tsotso guda. Tsotson da ya tsallake ya rage wa uwa nonon gobe. Ruwan kuma, na rijiya ne ko na randar da kowa ke tsoma moɗa, ya shigar masa da ƙwayoyin gudawa cikin hanjin da bai yi ƙwari ba. Gudawa ta rage masa ƙarfin tsotso, nono ya ƙara raguwa, sai a ce ai ga shi nan, nononta ba ya isarsa, a kawo koko ko madarar gwangwani a bulumboti. Da haka ake gangarawa zuwa tamowa, mataki-mataki, kowane mataki kuma da kyakkyawar niyya aka taka shi. Hukuncin jiƙe-jiƙe da bauri da man shanu da ake lasa wa jarirai duk ɗaya ne da na ruwa, har ma waɗansu sun fi shi haɗari.

Akwai kuma mas'alar dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda a gidaje da yawa ake ɗauka gurɓatacce ne, a matse shi a zubar, a riƙe jariri da ruwa ko nonon dabba kwana biyu ko uku, musamman a haihuwar fari, wani lokaci har sai an tatsa a ƙoƙo an jefa kiyashi an ga ko zai fita da rai kafin a yarda da shi. Makiyayi bai taɓa hana ɗan maraƙi dakashin uwarsa ba, domin ya san wanda bai sha ba ba ya yin ƙarko, kuma abin da ya tabbata ga maraƙi ya tabbata ga ɗan Adam. Dakashi kaɗan ne don cikin da zai karɓe shi kaɗan ne, amma cike yake da garkuwar jiki, yana shafe hanjin jariri, yana kuma tura baƙin kashin farko waje, abin da ke rage shawara. Kwanaki ukun nan da ake jinkirtawa su ne kwanakin da jikin uwa ke auna yawan nonon da zai riƙa haɗawa, don haka asarar ba ta tsaya kan dakashin kaɗai ba.

Kunyar ɗan fari kuwa ɗabi'a ce mai kyau a asalinta, ba na son ganin ranar da za ta ɓace daga cikinmu. Amma kunyar da za ta sa yarinya ta ji ɗanta yana kuka ta kau da kai don surukai suna zaune, har sai wata ta tsawata mata, ta fita daga haddin kunya ta shiga cutarwa. Gyaran wannan yana hannun manyan mata: su tashi su ba ta wuri, ko su umarce ta tun da fari.

Sauran ɓarawo shi ne aiki da yunwa. Kwana arba'in na jego rahama ce, domin a cikinsu ana ɗauke wa mace daka da ɗiban ruwa, ba ta da aiki sai wanka da shayarwa, kuma su ne daidai makonni shida da nono ke bukata ya daidaita. Amma da an yi arba'in sai turmi da murhu da surfen shinkafa da sana'ar cikin gida su dawo gaba ɗaya, a miƙa jariri ga 'yar shekara bakwai ta goya, in ya yi kuka ta jijjiga shi har ya gaji ya yi barci. A nan ne magana ta koma kan maza, kuma shari'a ba ta bar su a baya ba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ita ce kuma ta ɗora wa uban ɗa ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. A ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, inda hubbarensa yake har yau, wanda kuma ya bar mana tafsirin Liya'ut Ta'wili, ba a rasa malamin da zai warware wa magidanta wannan aya ba. Jikin mace yana haɗa nono ko da ba ta ƙoshi ba, amma daga naman jikinta da ƙashinta yake ɗiba, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da take bukata bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba: ƙarin kwano guda bisa abin da ta saba ci, da wake, da kunun gyaɗa, da zogale, da fura da nono, da ɗan kifi in ya samu, da ruwa a kusa da ita duk sa'ad da ta zauna shayarwa. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a kowane zaure, sun yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumin Ramalana idan ta ji wa ɗanta tsoro kuma babu wadda za ta shayar mata, ta ciyar, ta rama daga baya. Rangwame ne da mata da yawa ke jin nauyin karɓa, musamman a shekarun da azumi ke faɗowa cikin bazara, alhali Wanda ya wajabta azumin Shi ne ya sauƙaƙa.

Ina yawan tuna ƙissar da malaman tarihi suka kawo game da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da ya kwana yana gadin wani ayari a Madina, ya riƙa jin kukan wani yaro har kusan asuba, ya tambayi uwar, ba ta san ko wane ne ba, ta ce tana tilasta masa yaye ne domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa. Shugaba ne ya gane cewa abin da ke raba ɗa da nono sau da yawa ba daga uwa yake ba.

Saura yadda uwa za ta san lokacin ya yi, tun da mun ce babu agogo. Jariri yana da harshensa, kuka kuwa shi ne kalmarsa ta ƙarshe, ba ta farko ba. Kafin ya yi kuka zai fara mutsu-mutsu cikin barci, ya riƙa juya kai yana buɗe baki kamar mai lalube, ya kai hannu baki, ya riƙa tanɗe leɓe. Wadda ta ba shi a wannan lokaci zai kama da natsuwa, wadda kuwa ta jira har ya fusata sai ta fara lallashi kafin ya iya kamawa. In ya kama, a tabbata bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa tana taɓa nonon, domin kamun da ya tsaya a kan nono kaɗai shi ke kawo tsagewa da zafi, kuma ba ya fitar da nono. A bar shi ya saki da kansa kafin a juya shi ɗaya ɓangaren, don ya kai ga mai maiƙon nan na ƙarshe. In an dawo, a fara da wanda aka bari. Shaidar yana samun abin da ya ishe shi ba ta cikin taushin nono ko taurinsa, tana cikin kunzugu da sikeli: daga kwana biyar zuwa sama ya jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini da kwana da fitsari maras duhu, kuma nauyin da ya ragu a kwanakin farko, wanda al'ada ce, ya dawo kafin mako biyu. Wajen mako na uku, da na shida, da wata na uku, yakan yi kwana biyu ko uku yana nema ba ƙaƙƙautawa. Ba ƙafewa ba ce, girma ne ya taso masa yake kiran ƙari, kuma in an biya masa nono zai ƙaru ya cim masa.

Akwai jariran da ba a jiran su nema. Bakwaini, da wanda aka haifa da ƙaramin jiki, da mai shawara, da mai nauyin barci a makonnin farko, waɗannan tashe su ake yi kowace sa'a biyu ko uku, in ba su iya tsotso ba a tatsa a ba su da ɗan ƙaramin kofi mai tsabta, a kuma riƙa ɗora su a ƙirjin uwa fata da fata. Yaron da ke gudawa ko zazzaɓi ƙara masa ake yi, ba ragewa ba. Amma jaririn da ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idonsa da tafinsa suka yi rawaya, ko ya yi jijjiga, wannan ba na jiƙo ba ne ba kuma na jiran safiya ba. A kai shi asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi gaba, ko babban asibitin Kalgo, ko na tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Malamar makaranta ko ɗalibar jami'a da ke Kalgo wadda dole ta bar ɗanta na 'yan sa'o'i tana iya tatsa ta rufe a mazubi mai tsabta a ajiye a inuwa, kada dai ya wuce sa'a huɗu a irin zafinmu, in ta dawo kuma ta rama masa da yamma da dare.

Wata fa'ida da ba a cika faɗa ba ita ce yawan shayarwa yana jinkirta dawowar haila. Matuƙar jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba, da wuya ƙwarai ciki ya shiga, likitoci sun ƙiyasta kariyar da kashi 98 cikin 100. Da ɗaya daga sharuɗɗan nan uku ya faɗi, kariyar ta faɗi. Kwanika kuwa, wato samun ciki tun ana goyo, ba sabon abu ba ce a wurinmu, ba kuma mu kaɗai muka san sharrinta ba: kalmar kwashiyoko da likitocin duniya ke kiran tamowa mai kumburi da ita, Cicely Williams ta ɗauko ta ne daga harshen mutanen Ga na Ankara, ma'anarta ciwon da ke kama yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Kuma ya kamata a sani, nonon mai ciki ba guba ba ne, tana iya ci gaba da shayarwa in lafiyarta ƙalau.

Da yaro ya cika wata shida sai lissafi ya sake, domin nono shi kaɗai ya daina isarsa, ko da yake har cikin shekara ta biyu yana ɗauke da kaso mai yawa na abincinsa. A fara masa da abinci mai kauri, ba tsinkakken koko ba, sau biyu ko uku a yini daga wata 6 zuwa 8, sau uku ko huɗu daga wata 9 zuwa sama, a sa masa gyaɗa ko wake ko ƙwai ko garin kifi, yanzu kuma a ba shi ruwa mai tsabta, nono yana nan duk sa'ad da ya nema. Yawan tsotson zai riƙa raguwa da kansa, daga goma zuwa shida, zuwa na safe da na barcin rana da na dare. Yaye irin namu na yini guda, inda ake shafa wa nono abu mai ɗaci ko a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka a wani gari, yana haɗa masa rashi biyu a dare ɗaya, na nono da na uwa, kuma sau da yawa daga nan rama ke farawa, uwar ma ta kwana da kumburin nono. Abin da ya fi shi ne a janye tsotso ɗaya-ɗaya cikin makonni, a fara da na tsakar rana a maye shi da abinci, a bar na dare ya zama na ƙarshe, kuma a kauce wa yin haka cikin bazara, ko sa'ad da yaro yake ciwo, ko a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa. In da hali a jira kaka, hatsi ya shigo gida, iska ta yi sanyi.